Albasar Galmi: a yi lissafi kafin a aje

Kowace shekara a jahar Tawa kuɗin albasa yakan faɗi cikin Maris da Afirilu, lokacin da kowa ke kai amfaninsa kasuwa, sa'an nan ya hau bayan damina. Shi ya sa manoma ke ajiya cikin rudu. Amma albasa tana ruɓewa. Wanda ya aje buhu 100 ya fidda 70, sai kuɗin buhu ya ƙaru da kusan kashi 43 cikin ɗari kafin ya kamo abin da zai samu tun farko.

Ya kamata kowace ƙungiyar manoma ta riƙe littafi: kuɗin buhu mako mako, yawan abin da ya ruɓe, kuɗin mota zuwa Abijan. Da shi za a san ranar sayarwa, dillali kuma ba zai yanka kuɗi shi kaɗai ba.