Rano da Darasin Ƙasashen Tsohuwar Sobiyet

A watan Disamban 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje zuwa ƙasashe 15, amma har gobe ana kiransu "ƙasashen tsohuwar Sobiyet". Estoniya da Latbiya da Lituweniya sun fi kowa ƙyamar wannan laƙabi, domin yana auna su da Mosko, tamkar ba su da tarihi kafin mamayar 1940. Sai dai aikin da suka yi ne ya rage masa ƙarfi: suka gyara hukumominsu da tattalin arzikinsu, suka shiga NATO da Tarayyar Turai a 2004, sannan duniya ta soma kallonsu a matsayin ƙasashen Turai.

Irin wannan takaici sananne ne a Rano. Garin na cikin Hausa Bakwai, sarkinsa ake wa kirari da Autan Bawo, amma a taswirar siyasa sunan yankin "Kano ta Kudu", wato wurin da ake kwatantawa daga Birni. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe ta, a watan Yuli kuma ta dawo da ita a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure kaɗai. Cikin shekara biyar matsayin gari ɗaya ya sauya sau uku. Abin da majalisa ta raɗa, majalisa ke iya gogewa.

Yanzu hankali ya koma kan neman Jihar Tiga mai hedikwata a Rano. Buƙatar tana da hujja, amma akwai tambayar da ya kamata masu fafutukar su amsa wa mutumin Kibiya: in Rano ta zama cibiya, me zai hana a mayar da shi gefe, kamar yadda Birni ya mayar da Rano? Kowane sabon suna yana zuwa da nasa 'yan bora.

Ya fi dacewa manyan yankin su fara da abin da dokar masarautu ba ta iya rushewa: asibiti mai likitoci, makarantar da ke yaye ɗalibai, hanyar da za ta kai amfanin gona kasuwa, da rabon ruwan madatsar Tiga bisa adalci. In waɗannan suka kafu har manomin Kibiya ya shaida, Kibiya da kanta za ta goyi bayan sunan.