Franklin Bai Faɗo Daga Sama Ba: Raddi Ga Masu Cewa Shi Kaɗai Ya Gina Kansa

Masu rubuta littattafan koyar da neman arziki ba sa gajiya da kafa misali da Benjamin Franklin, marubucin Amurka da aka haifa a Boston a 1706. Wai ba shi da gata, ba dangin kirki, ba malami, sai ƙwazo da sammako. Ƙwazonsa kam ba mai musu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a share mutanen da suka tsaya masa, alhali sunayen yawancinsu suna cikin tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa.

Hujjarsu ta farko ita ce shekara 2 kacal ya yi a makaranta, kuma mahaifinsa Josiah mai dafa sabulu da kyandir ne da ke fama da 'ya'ya 17. Haka ne. Sai dai talaucin gida daban, jahilcin gida daban. Kakansa na wajen uwa, Peter Folger na tsibirin Nantucket, ya koyar kuma ya rubuta waƙe. Baffansa, wanda aka raɗa wa yaron sunansa, yakan aiko masa da baitoci daga Ingila tun yana ƙarami, daga baya ma ya dawo gidan da zama. Josiah kansa yakan gayyato masu hankali cin abinci, ya jawo zance mai amfani don yara su saurara.

Ta biyu, sun ce yayansa James bai tsinana masa komai ba sai duka. Dukan ya faru, kuma shi ya sa Benjamin ya gudu a 1723. To amma a ina ya koyi sana'ar da ta ciyar da shi? A maɗaba'ar James, inda aka kai shi koyon aiki yana ɗan shekara 12. A nan ya saba da yaran masu sayar da littattafai, yana aron littafi da dare, ya kwana karantawa, ya mayar da sassafe kafin maigida ya lura. James ne ya kafa jaridar New-England Courant a 1721, kuma ita ta buga wasiƙu 14 da Benjamin ya rubuta a 1722 da sunan wata bazawara Silence Dogood, ta farkon ma ta ƙarƙashin ƙofa ya tura cikin dare. Da hukuma ta kulle James, ƙanen ne ya riƙe jaridar. Yaro ɗan shekara 16 nawa ne a duk Boston ya sami irin wannan fili?

Ta uku ita ce wadda suka fi ji da ita: ya shiga Filadelfiya aljihu kusan wayam, yana tafe yana gatsar burodi. Labari mai daɗi, amma burodi ba ya sayen injin buga littafi. Da gwamnan yankin, Keith, ya yaudare shi ya tura shi Landan ya bar shi ba jari, ɗan kasuwa Thomas Denham ne ya dawo da shi a 1726 ya ba shi aiki. Kuɗin buɗe maɗaba'arsa a 1728 daga mahaifin abokin aikinsa Hugh Meredith suka fito. Da bashi ya taso masa, William Coleman da Robert Grace suka ranta masa. Su biyun 'yan Junto ne, majalisar da ya kafa a 1727, wadda ke haɗuwa duk daren Juma'a don muhawara. Wani ɗan majalisar, Joseph Breintnall, shi ya samo masa aikin buga wani ɓangare na tarihin 'yan ɗariƙar Kwaika. In an ce ai shi ya tara su, sai mu ce to, wanda ya tara mutane ya san ba zai iya shi kaɗai ba ke nan.

Akwai kuma waɗanda masu wannan ra'ayi ba sa ko ambata, kuma nan ne abin ya fi ba ni haushi. Matarsa Deborah ita ke tsaron kanti, tana ɗinke ƙananan littattafai, tana sayen tsummokara don masu yin takarda. Da aka yi barazanar far wa gidansu a rikicin harajin kan sarki na 1765, yana Landan, ita ta sa aka kawo bindigogi ta ƙi fita. Ta rasu a 1774 bai dawo ba. Gidan kuma akwai bayi, irin su Peter da King, waɗanda guminsu ba ya shiga lissafin kowa.

Sai ƙanwarsa Jane, uwa ɗaya uba ɗaya, mai son karatu kamarsa. Shi aka kai shi maɗaba'a, ita aka aurar da ita tana shekara 15. Ta haifi 'ya'ya 12, ta binne 11. Sun fi shekara 60 suna musayar wasiƙu, amma ko sau ɗaya bai kira sunanta a tarihin nasa ba. Da ya rasu a 1790, ya bar mata gidan da take zaune a Boston cikin wasiyyarsa, ta ci gaba da zama a ciki har ta rasu a 1794.