Wai "Tofu"! Awarar Bakin Titi Ce Aka Zuba Wa Kwano Mai Kyau



Kwanakin baya wata hidima ta kai wasu daga cikinmu Abuja. Da muka gama abin da ya kai mu, wani ƙaninmu da ke aiki a can ya rantse sai ya kai mu mun ci abincin Koriya, wai mu ga yadda duniya take cin abinci. Muka bi shi. Wurin ɗan ƙarami ne, teburansa ba su fi shida ba, bai ma kai wasu shagunan da ke kan titinmu girma ba. Kafin mu zauna muka tambaya ko akwai naman alade ko giya a girkin, domin girkin Koriya yana da su sosai, kuma duk Musulmin da zai shiga irin wurin nan wajibi ne ya tambaya. Aka nuna mana abin da za mu iya ci, muka zaɓa.

Ba mu daɗe ba aka jera mana 'yan ƙananan kwanuka, kowanne da abin da ke ciki: kabeji mai tsami da barkono wanda suke kira kimchi, ganye da man riɗi, da wasu tarkacen. Su wannan suna ce masa banchan, kuma in ya ƙare ana ƙarowa ba a ƙara kuɗi. Aka ba mu 'yan sanduna biyu na ƙarfe, muka ce a taimake mu da cokali. Sai ga miya tana tafasa a tukunyar ƙasa. Babban yayanmu ya sunkuya ya shaƙi ƙamshin, ya ɗago ya ce, "Kai, wannan ai daddawa ce." Ya sa cokali ya ɗebo wani farin abu mai laushi, ƙanin namu ya yi caraf ya ce tofu kenan. Yaya ya tauna ya ce, "Yaro, awara ce ba a soya ba."

Mun yi dariya a wurin. Da aka kawo takardar kuɗi dariyar ta ragu, don abin da aka biya zai riƙe wani gidan kwanaki. Ta ƙare gaba ɗaya ne da muka ji ƙanin namu yana cewa shi ya sa ba ya son zuwa gida, wai Gombe babu wurin cin abinci. Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Mun sha jin wannan magana a majalisu da bakin 'ya'yanmu masu kwana kallon fina-finan Koriya a waya, kuma ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Ba faɗa muke da abincin Koriya ba. Ya yi daɗi, wurin yana da tsafta, an karɓe mu da mutunci. Masu cewa duk abincin da ba namu ba ƙazanta ne, su ma ba mu tare da su. Faɗanmu da raini ne.

Ku duba abin da muka ci. Tofu waken suya ne ake jiƙawa, a niƙa, a tace, a dafa, a sa masa abin da zai haɗe shi, a matse. Wace mai awara ce a Jekadafari ba ta yin haka tun kafin asuba? Miyar nan da abin da suke kira doenjang ake yin ta, wato waken suya da aka bari ya ruɓa da gangan har ya yi ƙamshi, 'yar uwar daddawar da iyayenmu mata ke yi da kalwa. Man riɗin da suke ɗiga wa kusan komai, riɗin nan a gonakin Arewa muke nomansa, a loda a tirela a fita da shi ƙasashen waje. Barkono kuwa ba sai an koya wa mai cin yajin tsire ba. Kusan duk abin da ke kan teburin nan za ka same shi a Babbar Kasuwar Gombe.

To me ya raba mu? Su ba su ji kunyar abincin talakansu ba. Koriya ta Kudu ta fito daga yaƙin 1950 zuwa 1953 tana cikin matalautan ƙasashen duniya. Kimchi dabara ce ta mai tsoron yunwa: a gishirta kabeji a adana don a samu abin ci a lokacin sanyin da ba a noma, kamar yadda muke shanya kuɓewa da kuka da kauɗar tumatir. Da suka samu arziki ba su watsar da shi ba. A 2013 hukumar UNESCO ta sa al'adarsu ta taruwar maƙwabta a haɗa kimchi, wadda suke kira kimjang, cikin jerin al'adun gado na duniya. Gayya ce fa, irin wadda muka sani. A ƙarshen 2024 aka ƙara da al'adar haɗa jang, wato dangin daddawar tasu. Mu kuwa budurwa ta ji warin daddawa a miya sai ta toshe hanci ta ce ƙauyanci ne, a miƙo mata dunƙulen kanti.

Kuma ba da ka abin ya faru ba. Fim ɗin Dae Jang Geum na 2003, labarin yarinyar da ta tashi a madafar fadar sarki har ta zama likitarsa, rabinsa tallar girki ne. Gwamnatinsu ta buɗe cibiyar al'adu a Abuja a 2010, inda ake koyar da yarensu da girkinsu. Yaron da ke neman taliyar Buldak mai yaji a kanti yau, ba harshensa ne ya kai shi ba, an daɗe ana yi masa aiki a kai.

Za a ce mana ai bambancin tsafta ne, kuma a nan akwai gaskiya. Can mun ga wurin wanke hannu, mun ga abinci a rufe. Nan sau da yawa mai masa tana suya a gefen kwata, ƙuda na shawagi, ruwan wanke kwano ɗaya tun safe har azahar. Ba za mu kare wannan ba, musamman mu da Asibitin Ƙwararru yake unguwarmu, muna ganin yadda ake kwasar masu amai da gudawa in damina ta yi nisa. Amma kwatar ta waye? Mai masa ce ta cika ta da leda? Daga gidajenmu ruwan yake fitowa. Mu ne muke ba ta bakin kwata ta zauna, don mun hana ta inuwar ƙofar gida, ko mun sa mata kuɗin hayar da cinikin wata guda ba zai biya ba. Sai mu dawo muna yatsina fuska.

Ga kuma abin da ba a son faɗa: bashi. A wancan gidan abincin babu wanda ya ce a rubuta. Ƙaninmu ya zaro kati ya biya har da ƙarin kyauta, yana murmushi. A nan kuwa mutum mai albashi zai ci tuwo da miyar kuka sati guda ya ce "Iya, sai wata ya yi," wata ya yi ya sauya hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san inda kuɗin man gyaɗa da gawayi da waken suya suka kai. Matan nan da yawansu zawarawa ne ko masu riƙon marayu, jarinsu bai wuce na kwana biyu ba. Mutum uku suka riƙe musu kuɗi, kasko ya kife. Da wane kuɗin za ta sayi bokiti mai famfo da kwanon rufi? Mun cinye jarin, sannan muna tambayar me ya sa wurinta bai yi kama da na Abuja ba.

Ko a bukukuwanmu haka ne. A ɗaura aure a Jekadafari, a rasa masa da miyar taushe, a rasa dambu, a rasa fura da kindirmo a garin da Fulani suka kafa, sai shinkafa mai launi a roba wadda kafin la'asar ta fara tsami. Wai ita ce wayewa.

Don haka ga abin da muke kira a kai, kuma da kanmu za mu fara. Duk taron da ƙungiya za ta yi, abincin daga hannun matan unguwa zai fito, a biya su kafin su ɗora tukunya. Aikin gayyar yashe kwata na gaba a fara shi daga wuraren da ake sayar da abinci. Masu gidajen bakin titi, muna roƙonku ku bar wa matan nan inda za su kafa rumfa nesa da kwata, a kan kuɗin da za su iya. Su ma masu sana'ar za mu zauna da su a kan rufe abinci da sauya ruwan wanki, ba da tsawa ba. Matasanmu masu iya ɗaukar hoton kwanon taliyar Koriya har ya ba mutum sha'awa, ku gwada wannan basirar a kan tandar masa da sassafe, ku sa sunan layin don masu zuwa jinya su san inda za su samu.

Wanda kuma ya san sunansa yana cikin littafin bashin wata mai tuwo ko mai awara, ya je ya goge shi kafin Juma'a. Mun roƙi biyu daga cikinsu su ara mana littattafan, sun ce a ba mutane mako guda tukuna.