Rangwamen zango: lissafin matafiyi kafin ya sauke kaya

Da zarar an gama ɗaurin hatsi a ƙasar Adar, aka zuba damma cikin rumbuna, sai maza su soma raguwa a garuruwa. Daga Garhanga, cikin gundumar Keita, haka ma daga Buza da Madawa, 'yan bida da 'yan kasuwa sukan gangara Ƙonni. Daga nan waɗansu su shiga Najeriya, waɗansu su zarce Yamai su kama hanyar Abijan ko Kumasi. Kuɗin mota kowa ya san shi tun daga tasha. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne masauki, alhali kuwa ta nan jarin mutum yakan tsiyaye kaɗan-kaɗan, balle in an riga an sanyaya masa zuciya da kalmar rangwame.

Wannan matsala ba ta mutanen Adar ba ce su kaɗai. A harshen Faransanci kalma guda ce, wato karaban, ake kiran ayarin fatake da ita, ake kuma kiran ɗan ɗakin nan mai ƙafafu da Turawa ke ja da mota lokacin hutu. Mutanen Tawa sun ga irin waɗannan matafiya a shekarun 1980, sa'ad da suke ratso Sahara ta Tamanrasat da Arlit da Agadas. A can ƙasashensu akwai filaye na musamman da suke yada zango, ana biya kwana-kwana, kuma an fito da katunan rangwame iri-iri domin mai ƙetare iyaka. Duba yadda katunan suke zai amfani mai karatu, ko da bai taɓa nufin zuwa Turai ba, domin dabarar da ke cikinsu ita ce ke cikin kowane rangwame.

Na farko shi ne katin kamfanin ACSI na ƙasar Holan. Ana sayensa shekara-shekara, kuma yana aiki a zango kusan 3000. Mai katin yana biyan tsayayyen farashi, wanda a shekarar 2024 ya kama daga yuro 13 zuwa 27 a kwana, wato daga wajen jika 8 da rabi zuwa kusan jika 18 na kuɗin CFA. Cikin wannan kuɗi akwai wurin ajiye mota, da mutum biyu, da wutar lantarki, da ruwan wanka. Amma sharaɗin babba ne: katin ba ya aiki a tsakiyar lokacin hutu, sa'ad da zango ke cika. Harajin baƙi na gari ma daban ake biyansa. Mai zango bai yi asarar kome ba, ya dai sayar da filin da dā ma zai kwana babu kowa.

Na biyu su ne katunan ƙungiya, irin su Camping Key Europe, wanda aka fito da shi a 2012, da Camping Card International. Su ba sa tsayar da farashi. Wani kaso suke ragewa, wanda yakan kai kashi 20 cikin 100 a waɗansu wurare, a waɗansu kuma bai taka kara ya karya ba. Ƙarfinsu a wani wuri yake: suna ɗauke da inshora idan matafiyi ya jawo wa wani ɓarna a cikin zango, kuma a wurare da yawa ana karɓarsu a maimakon a riƙe fasfo. Ke nan na farko farashi yake sayarwa, na biyu kuwa lamuni.

Ƙasar Hausa ta san waɗannan hanyoyi tun kafin a ƙera mota. A ƙarni na 19 ayarin goro yakan tashi daga Kano ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja, da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, tafiyar da kan ci watanni da yawa zuwa da dawowa. A kowace ƙasa da aka ratsa akwai kuɗin hanya, a kowane kogi akwai kuɗin fito. Madugu ne ke zama da sarakuna ya yi ciniki da sunan ayari duka, domin abin da mutum ɗari za su biya a dunƙule bai kai abin da za a tatsa daga kowannensu shi kaɗai ba. Rangwamen taro ke nan, kuma farashinsa shi ne biyayya: ranar da madugu ya ce a tashi, a ranar ake tashi.

Hanya ta uku ita ce wadda har yau ɗan kasuwar Adar ya fi sani, wato sauka gidan maigida a unguwar zango. Wani masani mai suna Abner Cohen ya bayyana ta cikin littafin da ya fitar a 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916. Falke mai shanu yakan sauka, a ba shi ɗaki da abinci, a ajiye masa kuɗinsa, ba a karɓi ko anini da sunan haya ba. Maigida yana samun nasa ne daga la'adar kowace dabba da aka sayar ta hannun dillalansa. Abu mafi muhimmanci, in mahauci ya ɗauki sa bashi ya kasa biya, maigida ne ke tsaya wa baƙonsa. To amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Baƙon da ya kwana kyauta ba shi da damar kai kayansa ga wani dillali, ko da can ne ciniki ya fi tsoka.

Ga misali domin a ga inda lissafin yake karkata. A ce ɗan kasuwa ya ɗora albasa buhu 100 daga yankin Galmi ya kai kasuwar kurmi, ya yi kwana 10. Maigida ya sauke shi kyauta, amma la'ada ta kama dala 100 a kowane buhu: jika 50 ke nan. Ko da mai saye ne ya miƙa la'adar, daga farashin albasar ta fito. In kuwa ya kama ɗakin haya na jika 3 a kwana, jika 30 zai biya, sai ya ga kamar ya tsira da jika 20. Amma in mutum guda ya ɗauki buhu 5 bashi ya ɓace, babu wanda zai bi masa sawu, ribar ta tafi har da wani abu daga uwar kuɗi. Albasa kuma ba ta jiran mai ita, kowane kwana da aka ƙara ruɓa ce. Ga mai kayan da ake sayarwa bashi, la'adar maigida kuɗin lamuni ce, ta kuma cancanci a biya. Ga wanda ya je sayen kaya da kuɗi hannu, ko ma'aikacin gwamnati da aka aika taro na kwana uku, wannan lamuni ba shi da amfani, ɗakin da aka san farashinsa tun daga ƙofa ya fi masa.

Akwai kuma maganar irin kuɗin da aka yanke farashi da shi. Waɗanda suka yi kasuwanci a watan Janairu na 1994 ba su manta ba yadda aka karya darajar CFA da rabi a dare ɗaya, duk alkawarin da aka ƙulla da kuɗin waje ya ninka. Mai zuwa Abijan kuɗinsa ɗaya da na masaukinsa. Mai zuwa Kano ko Kumasi kuwa da naira ko sidi zai biya, kuma tun da Najeriya ta saki naira ga kasuwa a watan Yuni na 2023 an ga yadda canji ke iya cinye rangwame kafin mako ya zagayo. Wanda ya biya wata guda gaba ɗaya domin a rage masa, ya ɗaure kansa ne da canjin ranar da ya biya, da kuma zaman da watakila ba zai cika ba.

Batun takardu ma ya ƙara nauyi. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce ta bai wa ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, ko da yake a lokacin ƙungiyar ta sanar da cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu har sai an yanke wata shawara. Dattawan Adar suna tune da korar baƙi daga Gana a 1969 da kuma daga Najeriya a 1983. A irin wannan rana aka gane bambancin masaukin da ya san sunan baƙonsa da wanda lambar ɗaki kawai ya sani. Da ɗan gari kan ci gari, kuma wannan ba ya cikin takardar farashi.

Saboda haka, kafin matafiyi ya ce ya samu arha, ya kamata ya nemi amsar tambayoyi huɗu. Wane lokaci ne rangwamen ke aiki, kuma ya dace da lokacin tafiyarsa? Me aka bari a waje da za a biya daga baya, kamar ajiyar kaya da kuɗin mai gadi da ruwa? Da wa aka ɗaure shi, kuma me zai rasa in ya so tashi kafin wa'adi? Wa zai tsaya masa in ciniki ya lalace ko hukuma ta tambaya? Mai masaukin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara kame-kame tun a ta biyu, gara a bar kaya bisa mota a ƙara tambaya a gaba.