Sharhi: Dokar da ke tsorata DJ a Karmo ita ce kuma garkuwarsa

A tsakiyar shekarar 2025 Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, ƙarƙashin babban daraktanta John Asein, ta gargaɗi masu sana'ar DJ cewa duk wanda ya kunna waƙoƙin wasu a bainar jama'a ba tare da lasisi ba yana iya fuskantar tarar da ba ta gaza naira miliyan ɗaya ba, ko ɗaurin shekara biyar, ko duka biyun. Hukumar ta kafa hujja da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023. Ta kuma umarce su da su nemi lasisin a wurin MCSN, ƙungiyar da aka amince ta karɓi kuɗin waƙoƙi a madadin masu su.

Wanda ya ji wannan gargaɗi zai fara tuna manyan otal-otal da gidajen rawa na Wuse da Maitama. Sai dai nauyinsa ya fi sauka a unguwanni irin su Karmo, wadda ke kan hanyar da ta taso daga Life Camp ta nufi Gwagwa da Dei-Dei, daura da rukunin masana'antu na Idu. Unguwa ce mai cunkoso, ta 'yan ƙwadago da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa, inda Bagwari da Bahaushe da Ibo da Tibi ke zaune katanga ɗaya. Aure da suna da walimar kammala karatu ba sa yankewa a nan, kuma su ne gonar DJ.

Yawanci matashi yakan shiga sana'ar ne ta hannun maigida. Yana ɗaukar lasifika, yana naɗe wayoyi, yana tsaron janareta, har ya samu tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ya sa mata manhaja irin Virtual DJ. Taron Karmo makaranta ce mai wuya, domin a dare ɗaya sai ya gamsar da mai son waƙar Hausa, da mai jiran kiɗan gargajiyar garinsu, da samarin da ba su san komai ba sai Afrobeats da amapiano. Wanda ya iya karanta fuskokin irin wannan taro ya mallaki abin da ba a saye a kasuwa.

Matsalar tana wajen lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin man janareta da na ɗauko kaya suna cinye kaso mai yawa na ladan aiki. Faɗuwar darajar naira ta sa lasifika da na'urar haɗa sauti, waɗanda daga waje ake shigo da su, sun yi wa mai farawa nisa, don haka sai haya. Aikin kuma na lokaci ne: yana bunƙasa bayan sallah da watan Disamba, ya yi sanyi da azumi. Babban abin lura shi ne, kuɗin DJ yana ƙarewa ne a daren da aka tashi daga biki. Gobe sai ya sake nema.

Wannan ne dalilin da ya sa waɗanda suka yi nisa a sana'ar ba su tsaya ga kunna kiɗan wasu ba. DJ Jimmy Jatt da Spinall a Legas sun fitar da kundayen waƙoƙi da sunansu. DJ AB na Kaduna ya yi suna ne da waƙoƙin Hausa da kiɗan da yake haɗawa. A Afirka ta Kudu, Black Coffee ya ci lambar Grammy a 2022 da kundinsa na kiɗan rawa mai suna Subconsciously. Kuɗin da ke wannan ɓangare ba kaɗan ba ne: kamfanin Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, ya ce ya biya mawaƙan ƙasar sama da naira biliyan 25 a 2023, sannan sama da biliyan 58 a 2024.

Ƙofar ba a rufe take ga ɗan Karmo ba. Da manhajar FL Studio da ɗaki guda yana iya haɗa kiɗan da zai zagaye TikTok da Audiomack. Inda ake yin asara shi ne wajen ciniki. Mai haɗa kiɗa yakan miƙa aikinsa ga mawaƙi a kan 'yan kuɗi hannu da hannu, babu takarda, babu shaida. Idan waƙar ta karɓu, sunan mawaƙin kaɗai ke rajiste a manhajojin sauraro, kuma can kuɗin ke tafiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan ne dokar 2022 take juyowa ta zama tasa. Ta tanadi cewa sayar da haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce. Ta kare kiɗan da mutum ya ƙirƙira tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, ta kuma ba shi damar neman a sauke aikinsa daga intanet idan an ɗora ba da izininsa ba. Ma'ana, kuɗin lasisin da ake nema a hannunsa a matsayin DJ, irinsa ne ya kamata ya riƙa dawo masa a matsayin mai haɗa kiɗa, muddin ya rubuta yarjejeniya kuma ya yi rajistar ayyukansa.

Akwai wani dalilin da ya sa mallakar kiɗa ta fi wa matashin Arewa amfani. Filin biki ba shi da tabbas. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta haramta bikin ƙauyawa, kuma hukumomin Hisba a wasu jihohi sun sha taka wa kiɗan bukukuwa birki saboda cakuɗuwar maza da mata. A Abuja hukumar kare muhalli, AEPB, tana da hurumin hukunta masu damun maƙwabta da ƙara. Ga kuma iyaye da yawa da har yanzu ke kallon sana'ar a matsayin roƙo. Kiɗan da ke rajiste da sunan mutum yana kawo kuɗi ko an yi biki ko ba a yi ba.

Sauran aikin na hukuma ne. Ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa, DJAN, ta riga ta ƙulla yarjejeniya da MCSN kan lasisi, amma bai dace a auna mai lasifika biyu na haya da mudun da ake auna gidan rawa na Maitama ba. Ana buƙatar farashi mai hawa-hawa, da wayar da kai cikin Hausa da Turancin buroka, da bayani a fili kan yadda ake raba kuɗin da aka tara. Ma'aikatar da Hannatu Musa Musawa ke jagoranta, wadda aka ɗora wa bunƙasa tattalin arzikin masu fasaha, na iya farawa da samar da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da kowane ƙaramin situdiyo zai iya amfani da ita. Idan barazanar ɗauri kaɗai ta isa Karmo, matasan za su ci gaba da aiki a ɓoye. Idan bayanin haƙƙinsu ya riga ta isa, su da kansu za su nemi hanyar ofishin rajista.