Matattu Masu Yawo a Wayar Yara

Wani ɗalibina a nan Sakaba ya ƙi fita fitsari da dare, wai matattu za su cinye shi. Ashe fim ya kalla a wayar yayansa.

George Romero na Amurka ne uban irin waɗannan finafinai. Night of the Living Dead na 1968 baƙi da fari ne, tsoronsa ya fi jininsa yawa. Cigabansa, Dawn of the Dead na 1978, mai launi ne, jini da hanji a fili. Na 1985 kam ba a magana. Kada ki auna na biyu da na ɗaya. Ki duba wayar, ki kuma zaunar da yaron ki faɗa masa mamaci ba ya tashi sai ranar alƙiyama.