Kimiyya A Gareji: Kafin A Yanke Sifirin Ɗin Mota



Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare, mazaunin Cheberu da ke ƙaramar hukumar Gwandu a Jihar Kebbi. Ya ce yayansa ya sayi Golf ta hannu yana ɗaukar fasinja da ita ranar kasuwa, kuma da kuɗin ake biya masa kuɗin makaranta. To abokan yayan sun ba shi shawara ya kai ta wurin mai walda a yanke mata sifirin, ta kwanta ƙasa kamar motocin da suke gani a TikTok. Ga tambayarsa: "Malam, sun ce idan mota ta kwanta ta fi gudu, ta fi kama hanya. Gaskiya ne?"

Ɗana, maganar gudu babu ita, domin injin bai canja ba. Maganar kama hanya kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma ba a hanyar Cheberu ba. Ga dalili.

Sifirin shi ne ƙarfen nan mai murɗe-murɗe da ke bayan kowace taya. Shi ke ɗauke da nauyin mota. Idan taya ta hau dutse sai ya matse, idan ta faɗa rami sai ya miƙe, don kada tayar ta rabu da ƙasa. Tayar da ta bar ƙasa kuwa, birki ba ya aiki a kanta, sitiyari ma haka. A tare da shi akwai shokozoba, wadda ke hana motar ci gaba da tsalle bayan an wuce ramin.

'Yan ajin kimiyya za su tuna da ƙa'idar Hooke, wadda masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya wallafa a 1678, wato F = ke. Ma'anarta, gwargwadon nauyin da aka ɗora wa sifirin, gwargwadon matsewarsa, muddin ba a wuce iyakarsa ba. Harafin k shi ne taurin sifirin, kuma yana ƙaruwa idan aka rage yawan zagayen ƙarfen. A ce sifirin yana da zagaye 8 masu aiki, aka datse 2, saura 6. Taurinsa zai ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, ga shi kuma ya gajarce. Sakamakon haka, filin da taya ke da shi na hawa da sauka ya ragu, rami kaɗan sai ka ji ƙarfe ya daki ƙarfe. Shokozobar da aka ƙera don tsawon farko za ta riƙa aiki a matse, ba za ta daɗe ba ta fara yoyon mai.

Ba a nan matsalar ta tsaya ba. An lanƙwasa bakin sifirin ne don ya zauna daram a mazauninsa, idan aka datse shi zai iya gocewa lokacin da taya ta faɗa rami mai zurfi. Idan kuma da wutar gas aka yanke shi ko aka gasa shi don ya kwanta, zafin yakan kashe ƙarfin ƙarfen, ya lotsa ko ya karye ana cikin tafiya. Tayoyi ma sukan karkace, su riƙa cinyewa ta gefen ciki. Sannan yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakanin cikinsu da ƙasa ba ta wuce kimanin santimita 15 ba. Cire 5 daga ciki, ka zuba mutum shida da buhun shinkafa biyu, ka bi hanyar da ruwan damina ya zaizaye. Salansa ce za ta fara kuka, daga nan sai kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji. Idan ya fashe man ya tsiyaye direba bai lura ba, inji ya tafi.

To ina gaskiyar abokan? Idan nauyin abu ya yi ƙasa, yana da wuyar kifewa. Shi ya sa kujerar tsakar gida ta fi doguwar kujera wuyar faɗuwa, shi ya sa kuma motocin tsere na Formula 1 suke kusan shafar ƙasa. Sai dai a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta suke gudu, kuma injiniyoyi ne suka auna sifirin da shokozobarsu tare. Ko masu kwantar da motar gida a ƙasashen waje, waɗanda suka san abin da suke yi ba sa yankewa, sabon sifirin suke saya wanda aka ƙera gajere tun daga kamfani.

Wannan ado ya yi suna ne a wurin matasa 'yan asalin Meziko mazauna birnin Los Angeles na Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Su kuwa ba gudu suke nema ba, tafiyar ƙasaita suke yi a hankali don a kalle su. A 1958 Jihar Kalifoniya ta hana kwantar da mota har wani sashenta ya yi ƙasa da gindin ƙarfen taya. Sai makanikansu suka saka wa motocin famfon mai da ke ɗaga su ya sauke su yadda direba ya so. A 2023 ne aka sa hannu kan dokar da ta soke wannan hani.

Yanzu ka leƙa tasha a Kalgo ko Jega. Direbobinmu akasin haka suke yi: wasu na ƙara ganyen sifirin a bayan a-kori-kura, wasu na cusa roba don mota ta ɗaga, saboda kaya da ramuka. Wannan ma yana da nasa haɗarin, domin motar da aka ɗaga aka kuma lafta mata kaya a sama ta fi saurin kifewa a kwana. Tsayin da kamfani ya ba mota an yi lissafinsa.

Saboda haka ka gaya wa yayanka cikin ladabi, motar da ake cin abinci da ita ba a yi mata wannan kwalliya. Kuɗin da zai ba mai walda, ya duba birki da tayoyi da su. Rayukan fasinja amana ne a hannunsa.

Aikin gida: ku ciro sifirin biyu daga tsofaffin biro masu dannawa. Ku raba ɗaya biyu, ku yi hattara da idanunku, sannan ku matsa rabin da cikakken tsakanin yatsunku. Wanne ya fi tauri, kuma me ya sa? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi gamsarwa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.